Amanar Da Ke Cikin Kwalba

Sau biyu a shekara abinci yake fin ƙarfinmu a Tafoki. Na farko da rani ne, daga tsakiyar hunturu zuwa shigowar zafi, lokacin da tumatirin fadama yake nuna gaba ɗaya, kwando ya faɗi warwas, manomi ya kai kaya kasuwa ya kasa mayar da ko kuɗin mota. Na biyu kuwa kwanakin Babbar Sallah ne, inda gidan da ya yi watanni bai ga tsoka ba zai kwana da nama a kwanuka, wani na layyarsu, wani na maƙwabta. Da an wuce waɗannan lokutan sai a koma gidan jiya. Da faɗuwar damina tumatir ya zama sai mai hali, nama kuma sai an yi baƙo ko suna. Duk macen da ta tashi a ƙasar Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, ta san wannan hawa da sauka, ta kuma san cewa rabin riƙon gida shi ne iya ɗibar na ranar yalwa a kai shi ranar babu.

A wannan aikin na shafe ƙuruciyata da zaman aurena. Na shanya, na soya, na yi banda, daga baya na koyi zuba tumatir a kwalba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tsawon wannan lokaci shi ne, wanda zai ci abin da ka ajiye ba ya nan ranar da ka ajiye shi. Bai ga naman ba, bai ga tukunyar ba, bai san wanda ya koya maka ba. Hannunka kawai ya yarda da shi. Shi ya sa na ɗauki ajiyar abinci a matsayin amana, na kuma ɗauki neman sahihin sani a kanta a matsayin wani ɓangare na sauke amanar.

A gaban kakata

Kakata ta wajen uwa ita ce malamata ta farko. Idan kwandon tumatir ya shigo gida, ba ta bari ya kwana. Za ta zauna a kan kujerar tsugunno da ƙaramar wuƙa, ta ware wanda ya fashe ko ya fara laushi ta ce wannan na miyar yau ne, masu ƙwari kuma ta tsaga su biyu-biyu, mu jera su a kan tabarma a saman rumfa, cikinsu yana kallon rana. Da la'asar sakaliya a kwashe kafin raɓa ta sauka. Ba ta yarda kauɗa ta bushe sai ta ɗauki guda ta lanƙwasa ta ji ta karye. Idan ta lanƙwasu ba ta karye ba, to gobe ma rana ce. Haka take yi wa kuɓewa da tattasai da attarugu, ganyen kuka da zogale kuma a inuwa, lawashin albasa a daka a yi gabu.

Ranar suyar naman layya kuwa kunne take sa wa aiki fiye da ido. Nakan matsu a sauke kasko, sai ta ce, "Ke kishiya, kasa kunne. Kina jin man nan yana surutu? To ruwa ne a cikin naman yake magana. Sai ya yi shiru za a tsame." Sai an soya har kumfa ta kwanta, tsokar ta ƙanƙance ta yi ƙarau, sannan a barbaɗa gishiri da yaji, a baza a faranti ya huce sarai kafin ya shiga kwalla. Bayan 'yan kwanaki a sake fito da shi a ɗumama. Wanda aka yanka siri-siri kuma a rataye shi a igiya a saman murhu, hayaƙi da iska su yi aikinsu.

Ba zan ɓoye ba, da na zama budurwa na ji kunyar miyar kauɗa. Baƙi-baƙi take fitowa, kuma a idon 'yan matan zamaninmu alamar rashi ce. Idan na ci jar miya a gidan biki a Funtuwa, nakan dawo da wani ƙunci a raina, ina ganin mu an bar mu a baya. Wannan ƙuncin ya daɗe tare da ni, kuma shi ne ya fara kai ni ga kwalba, tun kafin lissafin tattali.

Shigowar kwalba

A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wanda ya ga tsadar wannan shekarar bai manta ba. Daga nan mata da yawa suka ɗaura ɗamarar ajiya, aka shiga tara kwalaben Bama, ana markaɗa tumatir, a dafa ya yi kauri, a ɗura, a rufe, a jera a tukunya a sake tafasawa. Wutar lantarki ba ta zama balle a dogara da firiza, don haka kwalba ta zo mana a kan gaɓa. Ni ma na koya, tumatir zalla nake ɗurawa, kuma ranar da na buɗe kwalba a tsakiyar damina na ga miya ta yi ja, na ji daɗin da har yau ina tuna shi.

Sai dai abu ya fara faɗaɗa. Wata ta ce ai gara a haɗa da tattasai da attarugu da albasa, a huta da markaɗe gaba ɗaya. Wata ta ce a jefa 'yar kanwa ta kashe tsami. Wata ta ce a tsiyaya mai a sama, iska ba za ta shiga ba. Daga nan sai bidiyo ya fara yawo a wayoyi, ana nuna naman kaza da na rago a cikin kwalba, an tafasa awa biyu ko uku, ana cewa zai shekara. Zuciyata ta kwaɗaitu, domin naman layya mai laushi a watan da babu nama ba ƙaramin abu ba ne. Amma tun ina yarinya ni mai yawan tambaya ce, kuma hannuna ya ƙi zuwa ga abin da ban san dalilinsa ba. Sai na tari ƙanena, wanda ma'aikacin lafiya ne, ranar da ya zo gaishe ni.

Abin da ke rayuwa inda babu iska

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, tumatir daban, nama daban. Don Allah kada ki sa nama a kwalba." Na ce ya ba ni dalili. Dalilin da ya ba ni, da abin da na bi na tabbatar daga baya, shi ne ya sauya mini kallon wannan sana'a.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ke zaune a cikin ƙasa da turɓaya, tana manne a jikin kayan lambu da nama. Idan yanayi bai yi mata ba, takan naɗe kanta a cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta, kamar irin ciyawa da ke kwance a busasshiyar ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko. Abin da ke tayar da ita abu huɗu ne idan sun haɗu: danshi, da rashin iska, da rashin tsami, da ɗumin ɗaki. Kwalbar nama da aka rufe ruf aka ajiye a ƙarƙashin gado ta cika waɗannan sharuɗɗa kaf. A nan take farkawa ta saki guba wadda tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a duniya, kuma sau da yawa ba ta sauya wari ko ɗanɗano ko launin abinci.

Na ce masa, to ai ana tafasawa. Ya ce a nan gizo yake saƙar. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wuta, a ƙasarmu ma da take kan tudu bai cika kaiwa nan ba. Ƙarin itace ba ya ƙara masa zafi, ƙonar da shi kawai yake yi. Shi kuwa ɓawon nan yana jure wannan zafin na awoyi. Ba a gamawa da shi sai an kai digiri 116 zuwa 121, kuma ba a samun haka sai a tukunya ta musamman mai kulle tururi, mai ma'aunin matsi a murfinta. Ko a cikinta, ƙa'idar da aka gwada ita ce nama ya yi minti 75 a kwalbar rabin lita, minti 90 a ta lita guda. Abin da ke ceton tumatir shi ne tsaminsa. A ma'aunin tsami da ake kira pH, ƙwayar ba ta tsirowa a ƙasa da 4.6, tumatir kuma a bakin wannan iyakar yake, wani ya faɗa ciki, wani ya ɗan haura. Tattasai da albasa da kuɓewa da wake da nama da kifi duk suna can gefen da babu kariya. Da na ji haka sai gabana ya faɗi saboda kanwa, domin tsamin nan da muke kashewa don miya ta yi daɗi shi ne mai gadin kwalbar.

Ba labarin ƙanzon kurege ba ne. A 1977, a jihar Michigan ta Amurka, mutum 59 suka kamu bayan cin barkonon da aka adana a kwalba ba bisa ƙa'ida ba. A 2015, a jihar Ohio, mutum 29 suka kwanta bayan wata walimar coci, wata mata ta rasu a cikin kwanakin, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar dankalin turawa ne da aka ɗura a gida aka tafasa a tukunyar ruwa maimakon ta matsi. A nan gida ma, a Janairun 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ba da sanarwar zargin wannan cuta, botulizim, a wani gida a Abuja, inda mata da miji suka rasu.

"Ai mun daɗe muna yi"

Wannan ita ce maganar da na fi sha idan na yi wa mata bayani, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sun daɗe suna yi, ba abin da ya same su. Na jima ina juya wannan a raina kafin na gane bakin zaren. Ɓawon ƙwayar yana jure tafasa, amma gubar da take saki ba ta jurewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin da ya haura digiri 85 na minti 5 ko fiye yana lalata ta. Mu kuwa miyarmu ba ta sauka sai ta daɗe tana ɓararraka. Ashe al'adar girkinmu ce take rufa mana asiri ba mu sani ba.

To amma wannan kariyar tana da ƙofofi a buɗe. Akwai uwar da za ta buɗe kwalba ta lakata da yatsa ta ɗanɗana don ta ji ko ya lalace. Akwai yaron da zai tsami tsoka daga kwalba ya jefa a baki. Akwai ɗan makarantar kwana da zai zuba a kan garin kwaki ya ci ba wuta. Kwalba ɗari za su iya wucewa lafiya, ta ɗari da ɗaya ta zo da ajali. Darasin da na ɗauka shi ne, tsira daga abu ba shaida ba ce cewa abin daidai ne. Shi kansa Nicolas Appert, mai sana'ar kayan zaƙi a Faransa da ya fito da dabarar kwalba, ya buga littafinsa a 1810, gwamnati ta ba shi faranka 12,000, amma bai san abin da ya sa dabarar take aiki ba. Sai bayan kusan shekara 50 binciken Louis Pasteur ya bayyana aikin ƙwayoyin cuta, sai a 1895 kuma wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano wannan ƙwayar takamaimai. Iyawa takan riga sani zuwa, kuma a tazarar da ke tsakaninsu ake rasa rayuka.

Ranar da na ce a'a

Abin da ya fi mini wuya a wannan tafiya ba karatun ba ne, faɗa wa na gaba da ni gaskiya ne. Wata Babbar Sallah yayar maigidana ta aiko da cinyar rago da kwalabe a buhu, daga baya ta biyo sawu. Ɗanta zai koma makaranta, tana so ya tafi da nama mai romo. Ta ce, "Amarya, ke ce gwanar kwalba a dangin nan. Ki taimaki ɗanki."

Na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa, sannan na ce, "Yaya, ki yi mini aikin gafara. Zan soya masa, zan yi masa dambu mai yawa, amma ba zan sa nama a kwalba ba. Ba ni da tukunyar da ake yi da ita, kuma in na yi da wadda nake da ita, ina tsoron in ba shi abin da zai cutar da shi."

Ta yi shiru, ta gyara mayafi, ta ce, "To, ashe ilimin ma rowarsa ake yi." Ta sa aka kwashe kwalaben. Naman dai ta bar shi, na kwana ina daka da suya, na aika da dambu cike da bokiti. Mun ɗauki lokaci gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki ba, kuma abin ya ci mini rai, domin mace ce da ta riƙe ni da mutunci tun ranar da aka kawo ni gidan. A daren nan na so ƙwarai a ce na yi mata abin da take so, a yabe ni, a ce matar ƙaninta ta iya. Son yabo yana da ƙarfi a zuciyar mace mai aikin hannu, ni shaida ce. Abin da ya riƙe ni shi ne tunanin yaron a ɗakin kwanan makaranta, ya buɗe kwalba ya kira abokansa. Ɓacin ran yaya yana da magani, kuma da sannu ya warke. Wancan kuwa da ya faru, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Wa za a saurara?

Yanzu masu koyarwa sun yi yawa, kowa da wayarsa da muryarsa mai daɗi. Ba na zargin kowa da mugunta, yawancinsu abin da suka gani suke maimaitawa da kyakkyawar niyya. Amma kyakkyawar niyya ba ta kashe ƙwayar cuta. Da tafiya ta yi tafiya sai na tsayar wa kaina ma'auni, kuma da shi nake auna duk wata shawara.

Ina duba ko mai maganar ya ba da awo. Wanda ya ce a tafasa "sosai" ko "har ya yi" bai ba ni komai ba. Mai sani zai faɗi girman kwalba, da yawan minti, da lokacin da za a fara ƙirga. Ina duba ko ya faɗi dalili, domin wanda ya san dalili shi ne zai iya gaya mini abin da zai faru in na sauya wani abu. Ina duba ko yana da iyaka, wato ko akwai abin da yake cewa kada a yi. Duk wanda komai a wurinsa mai yiwuwa ne, nama da kifi da madara duk a tukunya guda, na bar sauraronsa. Sannan ina tambaya, in abu ya ɓaci, wa za a je a samu? Hukuma tana da ofis da suna da za ta kare. Muryar da aka turo daga waya zuwa waya ba ta da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Da wannan ma'aunin na san inda zan dosa. A Samaru ta Zariya akwai NAERLS a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, aikinta kai binciken noma ga manoma. Akwai NSPRI, cibiyar binciken adana amfanin gona, hedikwatarta a Ilori, tana da reshe a Kano. A jiharmu akwai malaman gona na KTARDA, sai NAFDAC ga wadda take son ta sayar wa jama'a abin da ta sarrafa. Awon minti da na tsami kuwa, mafi cikar bayanin da na samu shi ne na jagoran adana abinci a gida na Ma'aikatar Noma ta Amurka, da na cibiyar da ke Jami'ar Georgia mai wannan aiki, saboda a ɗakin gwaji suka auna zafin da ke kaiwa tsakiyar kwalba. 'Yata ce take karanta mini da Turanci muna juyawa tare. Ban karɓe su don na Turawa ba ne. Na karɓe su don sun cika sharuɗɗan nan, har tudun wuri sun sa a lissafi.

Yadda nake yi a yau

Tumatir zalla nake ɗurawa, lafiyayye mai ƙwari, ban da fasasshe ko wanda ya fara ruɓa, domin irin wannan tsaminsa ya ragu. Ba kanwa, ba bakin foda, ba albasa, ba tattasai, ba mai. A kowace kwalbar lita guda ina sa rabin ƙaramin cokali na garin sitirik asid, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan haɗa lemo da kek, ko babban cokali 2 na ruwan lemon tsami na kwalba, wanda tsaminsa yake a daidaice. Kwalbar rabin lita kuma rabin wannan. Ina ɗura tumatirin da zafinsa ba tare da ya yi kauri kitif ba, saboda zafi ba ya ratsa abu mai kauri da wuri. Ina barin sarari kamar faɗin yatsa a sama, in goge bakin kwalba, in rufe da murfi mai lafiya wanda bai yi tsatsa ba, robar cikinsa ba ta ci ba. Ina shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, ruwa ya shanye kan kwalaben da kamar yatsa biyu. Sai ruwa ya tafasa sosai nake duba agogo: minti 40 ga rabin lita, minti 50 ga lita guda, wanda shi ne awon wuri mai tudu irin namu. Washegari in danna tsakiyar murfi. Wanda ya lotsa ciki ya kama, wanda yake motsi a ci shi a ranar. Kowace kwalba ina rubuta mata wata da shekara, kuma duk wadda na buɗe sai ta tafasa aƙalla minti 10 a miya kafin kowa ya kai baki.

Tattasai da attarugu da kuɓewa sun koma rumfa. Nama ya koma kasko da igiya da turmi. Na dawo ga aikin kakata da girmamawar da ban ba shi ba a da, domin yanzu na san abin da kunnenta yake saurare a kaskon nan. Ƙwayar cuta ba ta tsirowa sai da ruwa, ita kuwa tsohuwa ruwan take kora. Man da ke kan soyayyen nama ba shi ke tsare shi ba, bushewarsa ce da gishiri. Naman da bai soyu ba aka nutsa shi a mai, an toshe masa iska ne an bar masa danshi.

Shanya ma tana da nata haƙƙin. Kayan da aka baza a gefen titi ko a ƙasa ɓera yana bi ta kansu, kuma ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa yake shiga gida. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, don haka tunkuzar da za a shafa wa kilishi sai an san asalinta. Maganin ƙwari irin na feshi ba shi da gurbi a buhun wake ko a jikin busasshen nama, ga buhunan PICS masu ruɓi uku da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska. Don ajiyar 'yan kwanaki kuwa, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana ƙara wa ɗanyen tumatir da ganye kwana ba tare da wuta ba.

Dalilin da ya sa ba na sassautawa

Mu a wannan yanki kuskurenmu ya fi na wasu tsada. Alamomin wannan guba sukan bayyana ne tsakanin awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin: gani ya dushe ko ya rabu biyu, fatar ido ta sauko, baki ya bushe, haɗiya da magana su yi nauyi, sannan kasala ta gangaro daga kafaɗu zuwa ƙirji har numfashi ya gagara. Babu zazzaɓi, kuma mutum yana cikin hankalinsa. A ƙauye, wa zai kawo kwalbar shekaranjiya a ransa? Za a ce iska ce, ko shanyewar jiki, a tafi neman tofi da turare alhali lokaci yana ƙurewa. Maganinta sai babban asibiti, da allurar karya guba da wuri, wani lokaci da na'urar taimakon numfashi. Mu kuwa mun san abin da fita da dare yake nufi a hanyoyin Faskari da Sabuwa a shekarun nan na 'yan bindiga. Mun ga 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da namu uku, Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ba ka iya kiran ko mai mota. Wanda ya ga waɗannan alamu ga mutum, musamman in mutum biyu ne da suka ci abinci ɗaya, ya nufi asibiti nan take, ya faɗi abin da aka ci. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Saboda haka duk kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, ko take yoyo ko kumfa, ba na ɗanɗanawa, ba na ba kaji ko awaki, domin su ma tana kashe su. Rami nake haƙawa mai zurfi in binne ta. Na taɓa binne kwalba a shekarar da kuɗin cefane yake gagararmu, hannuna yana rawa don takaici, ina tuna itacen da na ƙona da wahalar da na sha. Zubar da abinci abu ne mai nauyi a tarbiyyarmu. Amma an hore mu da kiyaye rai kafin kiyaye dukiya, kuma garin neman ƙiba ba a yarda a samo rama ba.

Roƙona ga cibiyoyinmu na Zariya da Kano da Katsina shi ne su fitar mana da wannan ilimi da Hausa, da awon kwalaben da muke da su da cokulan da ke ɗakunanmu, su gwada irin tumatirin da ake nomawa a Ɗanja da fadamun Faskari, su sa a rediyo a lokacin kakar tumatir da gabanin layya. Mata a shirye suke, abin da ya rage a kawo musu sahihi kafin gurɓatacce ya riga shi isowa. Kafin nan, ni dai duk wadda ta zo koyon kwalba a wurina, abin da ba a sawa nake fara koya mata, sannan abin da ake sawa. In ta tambaye ni dalili sai in ji daɗi, domin na san wadda ta nemi dalili a wurina za ta neme shi a wurin kowa. Allah Ya sa abin da hannuwanmu suka ajiye ya zama lafiya ga waɗanda suka yarda da mu.